Shin abin da na yi imani da shi a da, hauka ne?

Ɗan Maguzawa: Salamu alaikum. Na taso a gidan bori a wani ƙauye can karkarar Kano, kakata ce mai girka ta yankinmu. Ina ɗan shekara tara ƙanina ya kwana da zazzaɓi, ya tashi ƙafarsa ta hagu ta saki. Aka ce Inna, ɗaya daga cikin iskokin bori, ce ta sha shi. Aka yanka akuya, aka ajiye mata nono a ƙwarya, ni kuma na shekara ban bi ta gindin tsamiyar bayan gidanmu ba. Wallahi har takunta nake ji da dare. Sai da na shiga makarantar koyon aikin lafiya na gane shan inna ƙwayar cuta ce mai shiga ta baki, kuma ɗigon rigakafi ke hana ta. Yanzu ban yarda da iskoki ba ko kaɗan. Abin da ke cin raina: shekara ashirin ɗin da na yi ina yarda da su, taɓin hankali ne ya same ni ban sani ba?

Nas Hajara: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikina ke nan a ɓangaren masu taɓin ƙwaƙwalwa, kuma amsata a'a ce. Ruɗin da muke kira ciwo shi ne mutum ya kafe a kan abin da hujja ba ta girgiza shi, kuma mutanen da ya taso cikinsu ma ba su yarda da shi ba. Misali, ya ce rediyo da shi kaɗai yake magana. Kai kuwa duk garinku haka suka ɗauka, daga bakin manya ka ji, da hujja ta zo kuma ka sauka. Mai wannan ciwon ba ya sauka don an nuna masa littafi. Ko Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa da ya fara jinyar marasa lafiya a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a 1954, tare da masu maganin gargajiya ya yi aiki, bai ɗauke su majinyata ba.

Baban Sadik: Malama, ban gamsu ba. Yawan jama'a ne ke wanke ruɗi? A Disambar 1980 dubbai suka bi Maitatsine a unguwar 'Yan Awaki ta Kano suna ganin layu za su kare su daga harsashi, sama da mutum 4,000 suka mutu. Wannan me za a kira shi?

Nas Hajara: Ɓata za a kira shi, Baba, da makauniyar biyayya. Amma in ka kawo mini su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu babu ƙwayar maganin da zan ba su. Kuskure daban, ciwo daban.

Malam Tukur: Ni gargaɗi kawai zan yi maka. Wanda ya bar wata aƙida yakan so ya ce asiri aka yi masa ko hankalinsa ne ya gushe, don kada a ce da saninsa ya yi. Da hankalinka ka yi, yaro ne mai jin maganar kakarsa.

Ɗan Maguzawa: Na gode, Malam, maganar ta taɓa ni. Takun nan ne dai har yanzu ban san inda zan ajiye shi ba, don da kunnena na ji. Mahaifiyata tana nan tana zuba nonon duk Juma'a. Da na je gida da sallah ni na miƙo mata ƙwaryar, 'ya'yana kuma duk an ɗiga musu rigakafi.