Jaruman zane da 'yan leƙen asiri: ta ina za a fara?

Masu sha'awar littattafan zane na zamanin Yaƙin Cacar Baka sun tafka muhawara kan inda sabon mai karatu zai fara. Yawancinsu sun ce a fara da labaran Nick Fury, wani jarumin littattafan zane na kamfanin Marvel, wanda marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby suka ɗora a kan hukumar leƙen asiri ta S.H.I.E.L.D. a 1965, lokacin da finafinan James Bond ke tashe. Wasu suka ce a tsallaka kai tsaye zuwa hannun Jim Steranko, wanda ya karɓi aikin daga baya, don zanensa ya fi ɗaukar ido. Ni ma nan na fi karkata.

Jarumar nan Black Widow kuwa, an ce a nemo fitowarta ta farko a 1964, tana 'yar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet da aka turo kan Tony Stark, wato jarumi Iron Man, kafin ta sauya sheƙa.

Gargaɗin da aka fi nanatawa shi ne farfaganda: kusan duk ɗan Rasha mugu ne a labaran. Game da kuɗi, tsoffin bugu na asali suna da ɗan karen tsada, gara a sayi kundin da aka sake bugawa.