Me Ke Hannunku? Musayar Waƙa Tsakanin Masu Karatu

Mai Alƙalami:

Sallama gare ku ma'abota littafi,
Me ke hannunku yau kuna karantawa?
Ku kawo suna, ku kawo marubuci,
Amma da sharaɗi wajen yabawa.
"Yana da daɗi" ba shawara ba ce,
Kowa da harshensa wajen ɗanɗanawa.
Ku ce wa ya dace da shi, yaro ko babba,
Kundi nawa ne, da wanne ake farawa.
Ku faɗi inda labari ke jan ƙafa,
Don mai aro ya daure har ƙetarewa.
Kuma kar ku tona yadda ya ƙare,
Mai tona ƙarshe ya gama ɓatawa.

Baba Mai Tabarau:

Na karɓi sharaɗinka, ɗana,
Magana Jari Ce ke gabana,
Ta Abubakar Imam nake nuna,
Kundi uku ce, ka riƙe batuna,
Wanda ya tsallake bai more ba.

Na farko aku ke jan zance,
Don Musa ɗan sarki ya mance
Da batun fita yaƙi, a taƙaice,
Labari kan labari ya kasance,
Har gari ya waye bai fita ba.

Na biyu gasa ce aka shirya,
Aku da aku, kowa da murya,
Na uku uba ke nuna hanya,
Fasih yake wa horo da tarbiyya,
Bai bar wa ɗan nasa kafar kuskure ba.

Ga mai yara 'yan shekara goma,
Labari ɗaya a dare ya isa ma,
A bar su su maimaita shi su ma,
Farkon na ɗaya shimfiɗa ce kuma,
Wanda ya ƙosa bai kai ga aku ba.

'Yar Makaranta:

Baba na gode, Allah ya ƙara girma,
Sai dai kundi uku ya fi ƙarfin lokacina.
Ina neman siriri mai nauyin zance,
Wanda ba zai kwashe mako a hannuna.
Ba barkwanci nake so a wannan karo ba,
Tarihi nake so ya taɓa raina.

Yaya Mai Kundi:

Ƙanwata, nemi Shaihu Umar,
Na Tafawa Ɓalewa, shi za ki karanta.
Gasar 1933 ce ta haife shi,
Shi da Ruwan Bagaja suka fafata.
Siriri ne, zama biyu ya ishe shi,
Amma cikinsa zancen zamanin bauta.
Yaro aka sace har aka keta Sahara,
Uwa ta bi sawu, ta ƙi ta huta.
Farkonsa ne ke tafiya a hankali,
Shaihu na ba ɗalibai asalinsa a Rauta.
Harshensa a miƙe yake, babu kwalliya,
Mai neman dariya kar ya kusanta.
In dariya ce, a koma Ruwan Bagaja,
Alhaji da Zurƙe na musayar mugunta.

Ɗan Auta:

Manya, ku ba ni shawara kan waƙa,
Imfiraji ce yanzu na ɗauka.
Ido na bi, kari na kuɓucewa,
Baiti biyar sai barci ya sauka.

Malama Mai Baiti:

Auta, laifin ba na Aliyu Namangi ba ne,
Shiru ka yi mata, ɗaga muryarka.
Makaho ne ya tsara ta da baki,
Kunne ta nema tun kafin idonka.
Boko ba ya nuna dogon wasali,
Sai ka furta kari zai zauna a bakinka.
Rera baitin farko sau uku a jere,
In ya kama, sauran za su bi ka.
Waƙa ɗaya a zama, kar ka haɗa biyu,
Wa'azi ne, yawansa zai gundure ka.
Kalmar Larabci ka ja mata fensir,
Kar ka tsaya, sai a ƙarshe ka bincika.

Mai Alƙalami:

Ga awo guda ga duk wanda ya ara,
Don kar kunya ta hana shi faɗawa.
Shafi 50 ya ba kowane littafi,
In bai kama shi ba, halal ne mayarwa.

Baba Mai Tabarau:

Ɗana, awon nan sai an gyara,
Siriri a 50 ba shi da saura,
Mai kauri ko yanzu ya fara,
Kashi ɗaya cikin biyar ka lura,
Kafin nan ba ka san shi ba.

Hajiya Mai Ajiya:

Kun ba da suna, saura batun aro,
Ta nan littafi kan fita ya ɓace.
Suna da rana da lambar waya,
Kafin ya bar hannu su zama a rubuce.
Mako biyu wa'adi, ɗaya a lokaci,
Mai riƙe da biyu, ɗaya zai mance.
Kar a kifa shi a buɗe, fuska ƙasa,
Gam ɗin baya kan karye, shafi ya suɓuce.
Kar a naɗe kusurwa don alama,
Guntun takarda shi ne ya dace.
In ya yage, kar a sa salatif,
Ja yake yi, ya bar tabo, ya kwance.
Farin gam na kafinta, kaɗan a tsinke,
A danne da nauyi ya kwana a kwance.
Mai ƙarfe biyu a tsakiya, in ya yi tsatsa,
A cire, a ɗinke da zare kafin ya lalace.
In ruwa ya taɓa shi, kar a kai rana,
Takarda kan kumbura, bango ya karkace.
Farar takarda bayan kowane shafi 20,
A sauya in ta jiƙe har damshi ya wuce.
Kanta ta ɗaga daga ƙasa, ta bar jikin garu,
Don gara ta zo ta rasa hanya ta kauce.

'Yar Makaranta:

Saura ɗaya, Yaya: yaro ɗan shekara 12,
Wanda tatsuniya ta gundura, irin ƙanena.
Taurari da injina ne a ransa,
Me za a miƙa masa? Ku ba ni suna.

Yaya Mai Kundi:

Tauraruwa Mai Wutsiya ki ba shi,
Umaru Dembo ne ya rubuta.
Tun 1969, Kilba ne yaron,
Sararin samaniya aka kai shi ya ziyarta.
Ki karanta masa farkon da baki,
Ki tsaya daidai inda zance ya ɗau wuta.
Ki ajiye littafin inda zai gani,
Kar ki ce masa komai, ki fita.