Mene ne “orbit” da Hausa? Mu gwada da tauraron Halley

1/ Jama'a, sunan comet ba abin gardama ba ne, tauraro mai wutsiya muka gada. Gaskiya ba tauraro ba ne, dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, in ya kusanci rana ya yi tururi ya ja wutsiya. Amma suna ya zauna, a bar shi. Abin da ya hana ni sakat shi ne hanyar da yake bi, wadda Turawa ke ce wa orbit.

2/ Edmond Halley, masanin taurari na Ingila, ya duba bayanan masu wutsiyar da aka gani a 1531 da 1607 da 1682, ya ga hanyarsu ɗaya. Ya ce ai abu guda ne ke komowa kusan duk shekara 76, kuma a saurare shi wajen 1758. Bai ga ranar ba, ya mutu a 1742. Ranar Kirsimeti ta 1758 wani manomi Bajamushe mai suna Palitzsch ya hango shi da madubin hangen nesa. Duk wannan labari a kan hanyar nan ya rataya, ga shi ba mu da sunanta.

3/ Wasu sun ce da'ira. Ban yarda ba. Hanyar Halley doguwa ce mai siffar ƙwai: yana matsowa rana har kamar kilomita miliyan 88, sannan ya yi nisa ya wuce Neptune, duniyar da ta fi sauran nisa, ya kai fiye da kilomita biliyan 5 daga rana. Wace irin da'ira ce wannan?

4/ Zagaye da kewaye kuwa aikin suke nufi, ba hanyar ba. “Zagaye ɗaya shekara 76” ya yi daidai. Amma in ka bi ƙa'ida ka gina sunan wuri daga kewaya, makewayi za ka samu. Malamin da ya ce wa 'yan aji “makewayin duniya”, darasi ya tashi ke nan.

5/ Ni falaki na zaɓa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ta a Yasin, aya ta 40, inda aka ce rana da wata kowanne cikin falaki yake iyo. Na san za a ce ilimin falaki ya riga ya kama kalmar, wasu ma da sun ji ta sai su tuna masu hisabi. Wannan bai hana ba, jimla ce ke bambancewa.

6/ Ku ji yadda take zama: “Tauraron Halley yana bin falakinsa saɓanin yadda duniya ke kewaya rana. An gan shi a 1910 da 1986, a Disambar 2023 ya kai ƙarshen falakinsa ya juyo, ana sa ran isowarsa a 2061.”

Malaman kimiyya na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka yi karatu da Faransanci, me kuke ce wa yara a aji?