Shin Ranar Shiru a makarantun Amurka tana tsinana wa ɗaliban LGBT wani abu?

Malam Auwalu: A 1996 ne wasu ɗaliban Jami'ar Virginia suka fara kame baki na yini guda domin nuna yadda ake danne muryar masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi (wato LGBT), daga baya GLSEN, ƙungiyar da ke kare haƙƙin irin waɗannan ɗalibai a makarantu, ta karɓi ragamar abin ta yaɗa shi zuwa makarantun sakandare, inda ake yin sa kowane watan Afrilu. A ganina wannan shiru ba ya kare kowa, domin yaron da ake tsangwama a motar makaranta zai tarar da masu zaginsa suna nan washegari, hukumar makaranta kuma ba ta taɓa ko layi ɗaya a dokokinta ba. Ita kanta GLSEN ai a 2024 ta mayar da ranar ta ƙin yin shiru.

Hajiya Binta: Malam, ka ɗora wa abin nauyin da ba nasa ba. A 2007, a wata sakandare da ke Nova Scotia ta ƙasar Kanada, an ci zarafin wani sabon ɗalibi saboda ya sa riga mai ruwan hoda, sai wasu manyan ɗalibai biyu suka sayo irin rigar wajen hamsin suka rarraba, gari na wayewa makarantar ta cika da ruwan hoda. Ba a sauya doka ba, amma yaron ya ga masu tsaya masa ido da ido, masu zaginsa ma sun ƙirga sun ga ba su da rinjaye.

Malam Auwalu: Hajiya, wannan martani ne ga wani yaro takamaimai a ranar da yake buƙatarsa. Abin da nake suka shi ne bikin shekara-shekara, wanda makaranta kan fake da shi ta ce ta sauke nauyi.

Barista Nasiru: Ni dai kotu nake kallo. A watan Maris na 2022 ɗalibai sun fice daga azuzuwa a faɗin jihar Florida domin adawa da dokar da ta taƙaita koyar da batun jinsi a ƙananan azuzuwa, amma Gwamna Ron DeSantis ya sa mata hannu a watan. Sassaucin da aka samu sai a 2024, ta hanyar sulhun ƙara, wanda ya fayyace cewa dokar ba ta haramta ƙungiyoyin ɗalibai masu goyon bayan LGBT ba. Haka a birnin Salt Lake City na jihar Utah, hukumar ilimi ta soke duk ƙungiyoyin da ba na darasi ba a 1996 don kawai ta hana wata ƙungiya guda ɗaya ta ɗaliban LGBT da magoya bayansu, ɗalibai suka yi maci, amma sai a 2000 ta janye, bayan shari'o'i.

Hajiya Binta: Barista, su wa suka shigar da ƙarar ta Salt Lake City? Ɗaliban ƙungiyar da aka hana ne, waɗanda suka riga suka san junansu kuma suka fito fili tun kafin lauya ya shigo. Lauya ba ya ƙirƙirar mai ƙara.

Malam Auwalu: Na yarda da wannan a kan ƙungiya mai zama kowane mako da malami mai kula da ita. A kan yini guda na shiru kuwa, har yanzu ina kan bakana.