Wane suna za mu ba kuɗin da ba ya ciwuwa sai a kantin mai gona?

Jama'a, ku zo mu tsayar da magana kan wata kalma. Masu tara tsofaffin kuɗi suna da wani fanni da Turawa ke kira plantation token, kuma har yau in za a faɗe shi da Hausa sai an yi dogon zagaye.

Ɗan ƙarfe ne, galibi na tagulla, wani da huda kamar aninin da, an buga masa sunan gona da lamba. Da shi masu gonakin taba na Deli a tsibirin Sumatra, da masu gonakin kofi a Silon (Sri Lanka ta yau) da Guwatamala, suke biyan leburori a ƙarni na 19. Ba hukuma ta buga shi ba, mai gona ne, kuma kantinsa ne ke karɓa, a farashin da ya ga dama. Lebura ya karɓi lada da hantsi, kafin magariba kuɗin ya koma hannun wanda ya biya. In ya gudu, da ƙarafan banza ya gudu. Tun 1949 yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta hana irin wannan biya, amma a tsibiran Kokos na Tekun Indiya iyalin Clunies-Ross, masu wurin, sun ci gaba da biyan masu aikin kwakwa da irin wannan kuɗi na roba har Ostareliya ta sayi wurin a 1978.

Wani ya ce kuɗin jabu. A'a, jabu kwaikwayo ne a ɓoye, wannan kuwa da sunan mai shi a goshi. Tikiti ma ba zai yi ba, don takarda ce.

Kuɗin gandu ya fi jan hankalina, don gandu yana tuna mana da gandun sarki da waɗanda suka yi masa bauta. Sai dai an yi irinsa a ma'adinan kwal na Amurka da na gishirin taki a Chile, inda babu gona.

Shi ya sa na tsaya kan kwabon kanti, jam'i kwabban kanti, mai sha'awar abin kuma mai tara kwabban kanti. A kanti zaluncin yake, can ake ɗaure mutum da bashi, don haka ya kamata sunan ya nuna wurin.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da dala da tamma kuka saba. Kwabo zai zauna a bakinku, ko dalar kanti za ku ce?