Saƙon da ke zuwa da sunan banki

A majalisarmu ta bakin kasuwar Maigatari an tattauna kan imel ɗin da 'yan damfara ke turowa da sunan banki. Abin da aka fi nanatawa: banki ba ya tambayar lambar sirrin katin ATM, ko lambobi 3 na bayan katin, ko OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da ake turo maka a waya. In saƙo ya ce za a rufe asusunka yau sai ka sabunta BVN, wannan gaggawar ita ce tarkon. Wani mai POS ya ce a duba adireshin mai turowa sosai, sukan sauya harafi ɗaya ko su turo daga Gmail. Kada a latsa komai a ciki. Wanda ya riga ya bayar da lambobinsa, ya garzaya banki a toshe katin.