Harajin da aka cire tun daga tushe ya tafi asusun jiha maimakon na tarayya

Assalamu alaikum, abokan aiki. Ina shirya wa wani ƙaramin kamfani da ke sayar da kayan gini a Kakuri da ke Kaduna takardun harajinsa na shekara, kuma aikin ya cije mini a wuri guda.

Wani kamfanin gine-gine da ya sayi kaya a hannunsu ya cire harajin WHT (harajin da mai biyan kuɗi ke cirewa tun daga tushe ya zuba wa hukumar haraji) kafin ya biya su, amma da ya tashi zuba kuɗin sai ya yi amfani da lambar TIN (lambar shaidar mai biyan haraji) ta mai ƙaramin kamfanin, ba ta kamfanin nasa ba. Tun da harajin ɗaiɗaikun mutane na jiha ne, na kamfanoni kuwa na tarayya, kuɗin sun shiga asusun Jihar Kaduna, alhali a shafin kamfanin na intanet a hukumar harajin tarayya babu ko kwabo da za a rage daga abin da ake bin sa. Rasidin yana gabana, adadin daidai ne, sunan da ke kai ne kawai ba na kamfanin ba.

Na rubuta wa akantan kamfanin gine-ginen wasiƙa haɗe da takardar kwangila da rasidin, ya amsa cewa su sun riga sun sauke nauyinsu, abin da ban yarda da shi ba. Na kuma gwada shigar da lambar rasidin a shafin, bai karɓa ba. Shekarar kuɗin kamfanin ta ƙare a Disamba, saboda haka wa'adinmu na miƙa takardun 30 ga Yuni ne.

Shin akwai hanyar mayar da wannan kuɗi zuwa asusun tarayya da sunan kamfanin, ko dole ne wanda ya cire ya sake zubawa, sannan ya nemi jiha ta mayar masa da na farko?